Baƙon Da Ya Shekara 37 A Cikin Adaka

Jama'a masu karatu, yau ku ba ni aron hankalinku in ba ku labarin wani laifi da na yi tun ina yaro, na yi ta dakonsa a zuci har furfura ta tsiro mini, da kuma yadda Allah ya nufa na sauke shi a cikin shekarar 2024. Ba sata na yi ba, ban kuwa zagi kowa ba. Wata na'urar wasan talabijin ce ta ƙasar Japan na shayar da wutar da ba tata ba. Mai karatu zai iya cewa wannan ai bai kai a ɓata takarda a kansa ba. To, amma na ga irin waɗannan tsofaffin na'urori sun sake shiga yayi, ana shigo da su cikin kayan gwanjo daga Japan da Amurka da Turai, masu marmarin ƙuruciyarsu kuma suna saye da tsada, don haka na san ramin da na faɗa har yanzu yana nan a buɗe yana jiran wani.

Mu haifaffun Agege ne a Ikko. Mahaifinmu Bakano ne, fataucin goro ya kawo shi Kurmi tun kafin a sami mulkin kai, ya zauna ya yi iyali. Babban ɗansa, watau yayanmu, bai gaji sana'ar goro ba, ya zama ma'aikacin jirgin ruwa, yana aiki a ɗakin inji. In ya tafi yakan yi wata shida ko bakwai ba mu sa shi a ido ba, ran da kuwa aka ce jirginsu ya tsaya a Apapa, gidanmu kan koma kamar ana biki. Ni ne auta, tsakanina da shi shekara 18, saboda haka wa ne a gare ni, kuma kamar uba na biyu.

A cikin daminar shekarar 1987, ina da shekara 11, ya dawo daga wata doguwar tafiya da ta kai su har tashar jiragen ruwa ta Yokohama. Bayan an ci an sha, aka buɗe tsaraba. Inna ta sami yadi, Baba ya sami agogon hannu, 'yan'uwana mata suka sami turare. Can daga ƙarshe ya jawo wani kwali daga ƙasan jaka ya ɗora mini a cinya. Da aka buɗe sai ga wata 'yar na'ura fara mai ratsin ja, da abin riƙewa biyu maƙale a gefunanta, kowanne da wayarsa da ta shige cikinta. An rubuta mata suna da haruffan boko a goshi, Family Computer, sauran rubutun kwalin kuwa na Japanawa ne, ba mai iya karanta shi a unguwarmu. Tare da ita akwai kaset ɗaya ruwan ɗorawa mai hoton wani gajeren mutum mai gashin baki da hula, da kuma wata baƙar adafta mai nauyi a hannu.

Daga baya ne na san cewa kamfanin Nintendo ne ya ƙera ta, kamfanin da aka kafa a birnin Kyoto tun 1889 yana buga karta. An fara sayar da ita ran 15 ga watan Yuli na 1983 a kan yen 14,800, Japanawa kuma suka gajarta sunan suna ce mata Famicom. Kaset ɗin kuwa shi ne Super Mario Bros., wanda ya fito a watan Satumba na 1985 ya game duniya. Amma ran nan abin da na sani kawai shi ne, ban taɓa ganin yaron da ke da irinta ba, kuma tawa ce.

Yaya ya dafa kaina ya ce, "Auta, taka ce, amma ka ji da kyau. Kada ka kuskura ka jona ta. Wutar ƙasarsu ba irin tamu ba ce. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga Alaba in sayo abin da zai rage mata wuta, da yamma sai mu kunna tare." Na ce to.

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Kashegari Yaya ya fita tun da hantsi, Baba na kasuwa, Inna na madafa, ni kuwa sai zagaya kwalin nan na ke yi. Na ɗauko adaftar na duba. Fuloginta ƙafa biyu ne sirara masu faɗi, soket ɗin bangonmu kuwa irin na Ingila ne mai rami 3, saboda haka ba ta shiga. Sai na ce a raina, ashe wannan ne bambancin wutar da Yaya ke faɗi? Ai kuwa maganinsa na nan a ɗakin Baba. Akwai wani ɗan mahaɗi da ya ke jona rediyonsa da shi, irin mai ramuka da yawan nan da ke karɓar kowace irin ƙafa. Na lallaɓa na zaro shi, na cusa adaftar, ta zauna daram kamar don ita aka yi shi. Na soka ɗaya bakin a bayan na'urar, na tura makunninta, na danna na bango.

Da farko na ji wani gurnani ƙasa-ƙasa, kamar na ƙudan zuma a cikin tulu. Ban ankara ba sai wani wari mai ɗaci ya tashi irin na ƙonannen fenti, sa'an nan wani siririn hayaƙi ya fito ta gefen adaftar, gurnanin kuma ya ɗauke. Duka-duka abin bai kai minti biyu ba. Na fizge ta daga bango, zafinta ya gasa mini yatsu, na buɗe tagogi na yi ta fifita ɗakin da faifai. Da ta huce na mayar da komai cikin kwali yadda na same shi, na mayar wa Baba mahaɗinsa, na fice waje wurin wasa kamar ba ni ba.

Da la'asar sakaliya Yaya ya dawo rungume da wata taransifoma mai rage ƙarfin wuta, ya sha rana, ya sha cunkoson motoci tun daga Ojo. Yaran maƙwabta suka cika falo, har manya na leƙe ta taga. Ya jona komai bisa ƙa'ida, ya kunna, shiru. Ya sake gwadawa, shiru. Sai ya zare adaftar ya kai ta hancinsa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru a ɗakin inji ba sai an gaya masa warin ƙonanniyar waya ba. Ya ɗago kai ya dube ni, kallon bai fi ƙiftawar ido ba, amma har yau ina ganinsa. Baba ya ce, "Me ya faru ne?" Ya ce, "Baba, ina jin danshin teku ne ya shige ta a hanya." Baba ya yi tsaki ya ce kuɗi sun tafi a banza, yara suka watse, ni kuwa na kasa cin tuwon dare.

Bayan mako uku jirginsu ya tashi. Ya ce in sun sake zuwa Japan zai sayo wata adaftar, amma ba su sake zuwa ba. Daga nan aure ya zo, 'ya'ya suka zo, aikin jirgi ya ƙare, ya koma gyaran janareto a Agege. A shekarun 1990 na'urori na kwaikwayo suka cika kasuwa, masu zuwa da adafta daidai da wutarmu da kaset mai ƙaryar wasanni dubbai a ciki, na kuwa buga su a gidajen abokai har na gaji. Amma tawa ta asali ban taɓa tambayar inda ta shiga ba, don kada tambaya ta jawo magana. Sau da yawa nakan ƙudura cewa yau zan gaya wa Yaya gaskiya, in muka zauna sai in ga abin ya yi ƙanƙanta a faɗa, in na tashi kuma sai ya yi mini girma a zuci. Haka muka yi ta yi har ya rasu a ƙarshen shekarar 2023, Allah ya jiƙansa.

Bayan matarsa ta fita takaba sai ta aika a kira ni. Na je na gaishe ta, ta sa aka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ta ce, "Auta, ga saƙonka. Tun yana kwance ya ce in ba ka hannu da hannu." Na buɗe, sai ga kwalin nan naɗe cikin tsohon zane. Na'urar tana ciki, farinta ya koma ruwan ƙwai don tsufa, kaset na nan, ƙonanniyar adaftar ma na nan. Na ce, "Hajiya, bai ce komai ba?" Ta yi murmushi ta ce, "Ya ce taka ce halak malak, tun da kai ka riga kowa kunna ta." Jama'a, a nan na zauna dirshan a kan tabarma, na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Ashe shekara 36 ya yi yana rufa mini asiri, har matarsa ta san labarin, ni kaɗai na ke tsammanin ina da abin ɓoyewa.

Na ɗauki alkawari a raina cewa sai na ga na'urar nan ta yi abin da aka sayo ta dominsa, in dai da sauran rai a jikinta. Jikan Yaya, wani yaro ɗan shekara 11 mai rawar kai, ya biyo ni gida don ya ga abin da kakansa ya adana. Ina cire takalmi ke nan sai na hango shi ya zare adaftar akwatin intanet na falo daga bango, ya soka bakinta a bayan na'urar, yana shirin mayar da fulogin cikin soket, yana cewa, "Kaka, ga shi ta shiga daidai!" Ban san sa'ad da na yi tsalle na cafke hannunsa ba. Na ce, "Maigida, tsaya! Wannan 'ta shiga' ɗin ita ta kayar da ni tun ba a haifi babanka ba."

Ban ga laifin yaron ba. Ya tashi ne a zamanin da cajar waya da ta kwamfuta duk an rubuta musu 100 zuwa 240, watau suna cin wutar kowace ƙasa, don haka a ganinsa wuta wuta ce, rami kuma rami ne. Kayan da kuwa kowanne da cimarsa.

Kashegari na naɗe kwalin na nufi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a bakin titin jirgin ƙasa. Bayarabe ne, amma a Sabon Garin Kano ya tashi, yana jin Hausa kamar jakin Kano, kowa kuma Baba ya ke ce masa. Na kwashe labari na gaya masa, har da abin da ban iya gaya wa Yaya ba. Ya saurara, ya gyara tabarau, bai ko taɓa na'urar ba, sai ya ce in miƙo masa ƙonanniyar adaftar. Na ce, "Baba, ai wannan ta mutu tun tuni." Ya ce, "Alhaji, ta mutu, amma wasiyyarta na rubuce a jikinta. In baƙo ya sauka a gidanka, ba ka tambayar abin da ya ke ci kafin a ɗora tukunya?"

Ya goge ƙurar da tsumma ya nuna mini. Kalmomin na Japanawa ne, amma lambobin kowa na iya karantawa. Layi ɗaya ya ce AC 100V, 50/60Hz. Wani ya ce DC 10V, 850mA. Ga kuma wani ɗan zane: ɗigo a tsakiya da rabin da'ira kewaye da shi, an ja layi daga ɗigon zuwa alamar ɗebewa, an ja wani daga da'irar zuwa alamar tarawa. Baba ya ce duk ilimin da na ke nema yana cikin waɗannan abubuwa 3, ya kuwa bi su da ni ɗaya bayan ɗaya kamar mai biya wa almajiri allo.

Layin farko shi ne abin da adaftar ke karɓa daga bango. Ƙarfin turin wuta da bolt a ke auna shi. Gidajen Japan bolt 100 a ke ba su, na Amurka 120, mu kuwa a Nijeriya 230 ne a ƙa'ida, har akan ce 240, gadon da muka yi daga Ingila tare da soket mai rami 3. Watau na ɗura wa adaftar fiye da ninki biyu na abin da aka yi ta dominsa. A cikinta akwai siririyar wayar tagulla da aka naɗe sau ɗaruruwa a jikin ƙarfe, an lissafa yawan naɗin daidai da bolt 100. In wuta ta wuce haka da nisa sai ƙarfen ya ƙoshi ya kasa tare ta, ta kwararo cikin wayar ba linzami, wayar ta yi zafi, fentin da ke rufe da ita ya narke, daga ƙarshe ta tsinke. Warin da na ji ke nan. Mahaɗin mahaifinmu kuwa siffar ƙafa kawai ya sauya, bai rage ko bolt ɗaya ba, kuma har gobe haka irinsa su ke.

Lambar 50/60 tana nufin sau nawa wutar bango ke kai da komo a cikin daƙiƙa guda. An rubuta biyu ne saboda Japan ita kanta a rabe ta ke. Gabashinta, wajen Tokyo, 50 ne, domin a 1895 sun sayi injinan wuta daga Jamus; yammacinta, wajen Osaka, 60 ne, domin su daga Amurka suka sayo nasu. Tamu 50 ce, saboda haka ta wannan fuska ba damuwa.

Layi na biyu shi ne abin da adaftar ke miƙa wa na'urar, a nan kuma masu sayen tsofaffin kaya suka fi yin ɓarna. Haruffan AC na nufin wuta mai kai da komo irin ta bango, DC kuwa mai miƙewa fuska guda irin ta batir. Famicom mai miƙewa ta ke ci. Baba ya ce in yi hattara da ƙanwarta da a ke kira NES, wadda ta fito a Amurka a 1985. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, bakin adaftarta ma yana shiga ramin Famicom, amma bolt 9 mai kai da komo ta ke fitarwa, domin ita NES a cikin cikinta ta ke miƙar da wutarta. Wanda ya jona wa Famicom adaftar NES ya yi mata illa. Kama da wane ba ta wane.

Sai batun bolt 10. A cikin na'urar akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa 3, lambarsa 7805, an ɗaure shi a jikin farantin ƙarfe don ya riƙa huce zafi. Aikinsa shi ne ya karɓi abin da aka ba shi ya mayar da shi bolt 5 cif, wanda shi ne ainihin abincin ƙwaƙwalwar na'urar, rarar kuwa ya mayar da ita zafi. Yana bukatar wajen bolt 7 kafin ya yi aiki sosai, don haka bolt 9 ya wadatar, har ya fi masa sauƙi. In aka ba shi 12, rarar da zai ƙona ta tashi daga 4 zuwa 7, kusan ninki biyu ke nan, a zafin Ikko kuwa wannan rage masa kwana ne. Lambar 850mA ita ce yawan wutar da adaftar za ta iya bayarwa, watau kaɗan ya rage ta cika ampiya 1. Na tambaya ko mai ampiya 2 za ta yi mata yawa. Baba ya yi dariya ya ce, "Alhaji, girman randa ba ya tilasta maka shan ruwan da ya fi cikinka. Ampiya randa ce, na'ura za ta ɗebi iya bukatarta, ƙaramar randa ce abin tsoro. Bolt kuwa shi ne ɗura."

Ɗan zanen nan kuma shi ne wanda ya kusa halaka mu a hannun jikan Yaya. Bakin adafta ƙarfe biyu ne, ramin tsakiya da zoben waje, ɗaya na tarawa ɗaya na ɗebewa. Yawancin adaftocin da ke gidajenmu yau, na akwatin intanet da na dikoda da makamantansu, tsakiyarsu ce ta tarawa. Famicom kuwa akasin haka ta ke so, ɗebewa a tsakiya, tarawa a waje. Girman bakin ɗaya ne, milimita 5.5 a waje da 2.1 a ciki, shi ya sa ya ke shiga ba gardama. Adaftar da yaron ya ɗauko bolt 12 ce mai tarawa a tsakiya. Da ya mayar da ita bango, da wutar ta shiga a juye, ɗan abin nan mai ƙafa 3 shi zai fara tafiya, mai yiwuwa kuma ya ja wasu su raka shi.

Baba ya ce hanya biyu ce a gabana. Ko dai in nemo adafta ta asali daga Japan in haɗa ta da taransifoma mai ragewa, sai dai yawancin masu ragewar da ke kasuwa 110 ko 120 su ke bayarwa, ga tsohuwar adafta ta Japan kuwa wannan ƙarin zafi ne. Ko kuma in sayi sabuwa a nan gida wadda ke cin wutarmu kai tsaye. Ya ce in da za a dace da adaftar Sega Mega Drive samfurin farko irin ta Ingila, da ta yi ba gyara, don ita ma mai miƙewa ce, bolt 10, ɗebewa a tsakiya. Ta samfuri na biyu kuwa ba ta yi ba. Haka nan adaftar bolt 9 da makaɗan jita ke jona 'yan akwatunan sauti da ita, muddin ampiyarta ta kai. In ba a samu ba, a sayi wata mai kyau a juya mata waya.

Ya rubuta mini komai a takarda, na shiga kasuwar kayan lantarki. Saurayin da na fara tsayawa wurinsa ko duban takardar bai yi ba, ya miƙo mini wata mai bolt 12 ya ce, "Alhaji, duk ɗaya ne, in ta shiga shi ke nan." Na yi masa godiya na wuce. Sai a shago na huɗu na sami mai bolt 9, mai miƙewa, ampiya 2, mai fulogi irin namu. Akwai wata da ta fi ta sauƙin kuɗi, amma ba nauyi a hannu kamar fanko, rubutun jikinta duk a cakuɗe. Baba ya riga ya gargaɗe ni cewa irin waɗannan ba su cika bayar da abin da aka rubuta musu ba, kuma sukan sa zane-zane a hoto da ƙugi a sauti. Araha ba ta ado, na bar ta.

Ran Asabar muka koma wurin Baba tare da yaron. Bai amince da rubutun adaftar ba sai da ya ɗora mata mita, ta nuna bolt 9 da 'yan kai, tarawa a tsakiya. Ya datse wayar, ya musanya bakin biyun, ya like da darma, ya naɗe, ya sake aunawa, alamar ɗebewa ta fito. Sa'an nan ya ɗaura mata jan ƙyalle ya ce a rubuta mata sunan na'urar da manyan haruffa, domin daga yau ta zama guba ga sauran kayan gida. Bayan haka ya kwance na'urar, ni kuwa gabana sai faɗuwa ya ke yi. Ya ce a cikin minti biyun nan na 1987 ta sha abin da ya haura bolt 20, amma 7805 yana jure har 35, shi ya tare mata faɗa. Ya sami kondensa ɗaya ta kumbura, ya cire ta, ya sauya sauran ma, don sukan bushe in sun tsufa. Ya jona, ya auna, mita ta nuna bolt 5.

To, yaya za a san ƙwaƙwalwarta na da rai? Famicom ba ta da ko 'yar fitilar da za ta nuna ta kama. Hotonta kuma ta wayar eriya ya ke fita, a kan tasha ta 1 ko ta 2 irin ta Japan, da tsarin NTSC, alhali kuwa mu PAL mu ke amfani da shi. Baba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Alhaji, ko da ba ka ƙona adaftar ba, da wuya talabijin ɗinku na wancan lokaci ya nuna hoton nan. Tashoshin nan biyu na Japan suna zaune ne a inda rediyonmu na FM ya ke." Na yi shiru ina juya maganar. Shi kuwa sai ya jawo wani tsohon rediyo, ya ɗaura wayar na'urar a jikin eriyarsa, ya ce sautin tasha ta 1 yana kan 95.75. Ya soka kaset, ya kunna, ya ce wa yaron ya danna maɓallin farawa, ya shiga murɗa rediyon a hankali yana ratsa tashoshin Ikko da suka cika wurin. Muka ji labarai, muka ji talla, muka ji shuuu. Can sai ga wani ɗan kiɗa siriri, ƙasa-ƙasa, yana tsalle-tsalle kamar ɗan akuya. Yaron ya buga ihu, masu wucewa suka waiwayo. Ni dai na juya baya kamar ina kallon jirgin ƙasa, alhali kuwa ba jirgin da ke wucewa.

Bayan kwana biyu Baba ya zaro mata wayoyin hoto da sauti daga ciki, ba tare da ya huda jikinta ba, irin waɗanda a ke sokawa a ramin nan ruwan ɗorawa na bayan talabijin. A falon Hajiya muka kunna ta, a gaban 'ya'yan Yaya da jikokinsa. Aka ce ni zan fara, tun da ni na riga kowa. Ban yi taku goma ba abokin gaba na farko ya kashe ni, yara suka fashe da dariya, Hajiya ta ce da ma Yaya ya faɗa, gaggawa ce ke cin Auta.

Na yi tunani a kan maganar Baba mai rediyo cewa ko da ban ƙona ba hoto ba zai fito ba. Da farko na so in ɗauke ta a matsayin wanka daga laifi, amma na ga ba ta wanke ni ba. An ce kada in taɓa na taɓa, an rufa mini asiri kuma na kasa cewa na gode tun mai rufawar na da rai. Wannan kam ba adaftar da za ta gyara shi. Abin da ya rage mini shi ne in kula da amanar da ya bar mini, in kuma riƙe hannun yaro kafin ya kai bango, yadda na so a ce an riƙe nawa.

Kai kuma mai karatu da ka sayo irin wannan na'ura, ka tuna Nintendo ya daina ƙera Famicom tun 2003, ya daina karɓar gyaranta a 2007, saboda haka duk wadda aka ƙona an rage ɗaya ke nan har abada. Kafin ka jona, karanta abin da adafta ke karɓa daga bango, ka duba ko AC ta ke fitarwa ko DC, ka daidaita bolt, ka tabbata ampiya ba ta gaza ba, ka duba alamar tsakiya, in da hali kuma a ɗora mata mita. In an ɗauke wuta ko za a tayar da janareto, zare ta daga bango tukuna. Tambaya rabin ilimi ce, masu gyaran rediyo kuwa ba su ƙare a garuruwanmu ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rufa mana asiri muna yara, mu kuma ya ba mu haƙurin jira har yamma.